Ofishin Shugabar Makarantar Sihiri: A Cika Shi da Abin Al'ajabi ko a Bar Shi Fayau?

Hauwa Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na zo da ƙoƙon bara, don babi na 9 ya tsaya mini a wuya yau sati uku. Waɗanda suka karanta farkon labarin sun san makarantar koyon sihiri ce a cikin wani tsauni, a ƙasar da babu ita a taswira. A wannan babin ne aka fara kiran Jummai ofishin Shugaba, bayan ta buɗe tulun da aka hana 'yan aji ɗaya taɓawa. Na zauna na zuba wa ofishin duk abin da ya faɗo mini a rai: ƙwarangwal ɗin maciji mai kai biyu, kwalabe masu hayaƙi kala-kala, mujiya, madubi mai nuna abin da zai faru gobe, kasko mai tafasa ba wuta, littattafai masu tashi sama kamar tattabaru. Shafi huɗu cur. Na ba ƙanwata ta karanta, tana gamawa ta ɗago ta ce, "Yaya, wannan ofis ne ko ɗakin shirgi?" Abin ya yi mini ciwo ne saboda na san gaskiya ta faɗa. To ya zan yi da shi? In rage, in ƙara, ko in rushe in sake?

Sadiya:
Wa'alaikumus salam Anti Hauwa. Ni dai don Allah kar ki cire komai. Ai abin da ke sa mutum ya ɗauki irin wannan labarin ke nan. In tebur da kujera nake son gani ba sai na buɗe littafi ba. Littattafan nan masu tashi sun tafi da imanina wallahi.

Ɗanjuma:
In suna tashi kamar tattabaru, wa yake share kashinsu? Wasa nake yi. Amma ga wadda ba wasa ba: in Shugaba tana da madubi mai nuna gobe, me ya hana ta ganin Jummai za ta buɗe tulun tun jiya? Ko dai ta gani ta ƙyale, wanda ke nufin ita ce mai laifi, ko kuma madubin ƙarya yake yi. Kin kashe labarinki da hannunki tun a babi na 9.

Hauwa Mai Alƙalami:
Ɗanjuma ba ka da dama. Amma maganar madubin ta shige ni, ban taɓa kawo ta a raina ba.

Anti Rabi:
Ƙanwata, bari in faɗa miki abin da ƙanwarki ta ji kunyar ƙarasawa. Ba yawan kayan ne kaɗai matsala ba, rabinsu ba naki ba ne. Duk wanda ya kalli finafinan Turawa na makarantun sihiri ya riga ya san mujiya, ya san hasumiya mai matakala tana juyawa, ya san hotunan bango masu magana da ƙofar da sai an faɗi kalmar sirri. Mai karatu yana cin karo da su zai bar labarinki ya koma tuna na wasu. Kayan aro ba ya rufe katara. Ki tambayi kanki tukuna, wace ce wannan Shugabar, me take tsoro, me take ɓoyewa. Ɗakinta zai fito da kansa daga nan.

Baba Sabo:
Ɗiyata, ni ban san sihiri ba, Allah ya tsare mu, amma na yi shekara 11 ina riƙe da makaranta kafin in yi ritaya, don haka ofis kam na san shi ciki da bai.

Ofishin shugaba ba daga ƙofa yake farawa ba, daga bencin da ke waje yake farawa. Yaron da aka je aji aka ce masa "Shugaba na kiran ka" ya riga ya sha rabin hukuncinsa a kan bencin nan. Nakan bar yaro minti 20 da gangan. Ina ciki ina jin sa yana goga takalmi a siminti, yana gina ƙaryar da zai yi mini, yana rushewa, yana sake ginawa. Kafin in ce ya shigo ƙaryar ta gaji ta kwanta.

Sannan yaron da ya shigo da laifi ba ya kallon bango, balle ya ƙirga kwalabe. Ƙasa yake kallo, in ya ɗago kuma hannun shugaba yake bi da ido. Abu ɗaya ko biyu idonsa zai kama, su ne zai riƙe har ya tsufa. Kwanaki na haɗu da wani tsohon ɗalibina, furfura ta fara fito masa, na tambaye shi me ya tuna a ofishina. Ina tsammanin zai ce kofunan da muka ci a wasanni, waɗanda nake sa a goge kullum. Ya ce a'a, wata ƙusa ce a bango da nake rataye makullin sito, da ƙarar fanka mai cewa ƙyat, ƙyat, ƙyat. Ya ce har yau in ya ji fanka tana wannan ƙarar gabansa faɗuwa yake yi. To ke kin sa yarinyar da cikinta ya ɗuri ruwa ta tsaya tana yi mana lissafin kaya shafi huɗu. Ba Jummai ce ke kallon ɗakin nan ba, ke ce.

Hauwa Mai Alƙalami:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ta ƙarshen ta same ni a daidai. Wallahi ni ce ke kallo.

Sadiya:
Baba, a yi mini afuwa, amma naku ofishin na duniyar gaske ne. Wannan fa mace ce da ta fi kowa sihiri a ƙasar. A ce an shiga ɗakinta an tarar da ƙusa da fanka?

Nasir Tarihi:
Sadiya, bari in ba ki mamaki. Labarin makarantar sihiri ya girmi finafinai da ɗaruruwan shekaru, kuma a tsofaffin tatsuniyoyin babu ofis kwata-kwata, wani lokacin ma shugaban ba a ganin sa.

A ƙasar Aisland akwai tatsuniyar Baƙar Makaranta, wadda suke jingina wa wani malaminsu na gaske mai suna Saemundur, wanda ya rayu daga 1056 zuwa 1133. Makarantar a ƙarƙashin ƙasa take, ba taga, ba fitila. Haruffan littattafan ne suke haske kamar garwashi, da su ake karatu. Ɗalibai ba sa ganin malami. Kullum wani hannu mai gashi yakan ɓullo ta bango ya miƙo musu abinci ya koma. Sharaɗin wurin shi ne ranar fita, wanda ya zo ƙarshe ya zama na mai makarantar, wato Shaiɗan. A wata ruwayar Saemundur ne na ƙarshe, da aka kawo masa cafka sai ya nuna inuwarsa a bango ya ce ai ga wani a bayana. Aka kama inuwar, shi ya tsere, ya ƙare rayuwarsa ba inuwa.

A Salamanka ta ƙasar Sifaniya, garin da jami'arsa ta faro tun 1218, akwai irin wannan labarin a kan wani kogo a ƙarƙashin tsohuwar majami'a: ɗalibai 7, shekara 7, ɗaya ya zauna a madadin kuɗin karatun sauran. Can ma an ce wani ya gudu ya bar inuwarsa. A Taransilbaniya ta Romaniya kuma ɗalibai 10 ake ɗauka, 9 su koma gida, a riƙe na goman.

Kin lura da abin da ya haɗa su? Ba kayan ɗakin shugaba ne abin tsoro ba, bashin da yake bin ka ne. Ni da zan ba da shawara, Hauwa, kar ma a ga Shugabar. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum.

Ustaz Kabiru:
Assalamu alaikum. Ina bin muhawarar tun ɗazu, kuma ba don in ɓata wa kowa rai ba, akwai abin da ya kamata a faɗa. Sihiri ba abin wasa ba ne. Yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da suka zo a hadisin Bukhari da Muslim, kuma aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi maganar masu koyon abin da ke cutar da su ba ya amfanar su. Tsorona shi ne a ƙawata abin har yaro mai karatu ya ji dama shi ne a makarantar. Malama Hauwa, wannan ya zo miki a rai?

Hauwa Mai Alƙalami:
Wa'alaikumus salam Malam, na gode, kuma ya zo. Shi ya sa ma na guji duk wani abu mai kama da na gaske, babu hatimi, babu sunan aljani, babu wani karatu da yaro zai kwaikwaya. Duniyar tatsuniya ce irin wadda dabbobi ke magana a ciki. Kuma tun babi na 2 na nuna duk wanda ya yi amfani da abin sai ya rasa wani abu nasa. Amma ban ce na fi ƙarfin gyara ba. In na gama zan turo maka ka duba, in ka ga inda na zarme ka ja mini kunne.

Ustaz Kabiru:
To madalla, ki turo. Ban ce na gamsu duka ba, amma zan karanta kafin in yanke hukunci.

Anti Rabi:
Mun gode Malam. Wannan magana ce babba, ta cancanci zaurenta daban, kuma zan buɗe mata ranar Asabar in Allah ya kai mu. Yanzu mu koma ofis.

Baba Sabo:
Nasiru, ka burge ni da tarihi, amma ban yarda da shawararka ba. Shugaban da ba a gani ba shi ke mulkin makaranta ba, masinjansa ne ke mulki. Ka tambayi duk wanda ya yi aikin koyarwa. Mutumin nan da ke zaune a bakin ƙofa, shi ya san wanda ya shiga da fara'a ya fito da hawaye, shi ke cewa "yau kar ka shiga, ransa a ɓace yake", shi ke sa takardarka a sama ko ya tura ta ƙasa. Na gaji wani masinja da ya ga shugabanni biyar kafin ni. Ranar da na kama aiki kallon da ya yi mini kamar yana cewa kai ma za ka wuce. Kuma na wuce ɗin, na bar shi a kujerarsa. Ɗiyata, in kina son ƙofar da ta fi kalmar sirri wuyar wucewa, ki ajiye tsoho a bakinta.

Ɗanjuma:
Hhhh Baba wannan gaskiya ce tsagwaronta. A ba mu masinja, Anti Hauwa. Ni har na fara ganin sa da carbin makullai a ƙugu.

Nasir Tarihi:
Na sallama, Baba, ranka ya daɗe. Kuma maganarku ta tuna mini da mutum ɗaya da aka san shi da harkar duba da kiran ruhohi, wanda ya riƙe shugabancin kwaleji da gaske. John Dee, masanin lissafi da taurari, mai ba Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta Ingila shawara. Ɗakin karatunsa a Mortlake yana cikin mafi girma a Ingila a zamaninsa. Yana da wani baƙin madubi na dutse mai sheƙi wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan, kuma binciken da aka fitar a 2021 ya nuna dutsen daga Meziko ya fito. Ya bar ƙasar a 1583, ya dawo a 1589 ya tarar an wawashe masa littattafai da kayan aiki. A 1595 aka naɗa shi shugaban wata kwalejin limaman coci a Manchesta. To me ya tarar? Ba aljanu ba. Rigima da abokan aikin da ba sa son sa, da shari'ar filaye, da talauci. Ginin yana nan har yau, ɗakin karatu na Chetham ne, kuma akwai wani tebur mai tabon ƙuna da ake ce wa baƙi wai sawun kofaton Shaiɗan ne da Dee ya kira. Wai ne dai. Amma ki duba, Sadiya, duk sunan da mutumin nan ya yi, abin da ɗakin ya riƙe nasa tabo ɗaya ne a kan katako, kuma ya ishi mutane labari har yau.

Sadiya:
To Yaya Nasir, na ji. Amma shi yana da madubin ai. Ba ɗaki fayau ya zauna ba.

Ustaz Kabiru:
Tunda an shiga tarihi, bari in ƙara wannan, ko zai yi wa Malama amfani. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ware fasali a kan sihiri, yana bayani ne yana kuma nuna haramcinsa. Ya kasa masu yin sa mataki uku. Na farko masu tasiri da ƙarfin zuciyarsu kawai, ba kayan aiki, ba mataimaki. Na biyu masu neman taimakon taurari da lambobi da makamantansu, wato masu ɗalasimai, kuma ya ce sun fi na farko rauni. Na uku masu rufa-ido, waɗanda ke wasa da tunanin mai kallo ya ga abin da babu shi. To a wannan lissafin, wanda ya cika ɗaki da tarkace shi ne ƙarami. Ɗakin da aka jibge da hayaƙi kala-kala ya fi kama da na mai rufa-ido da ke son ya firgita baƙo.

Hauwa Mai Alƙalami:
Malam, ka ga ikon Allah, kai da ka zo jan kunne kai ka ba ni makullin. Ku tsaya, wani tunani ya zo mini yanzu, ku gaya mini in shirme ne. Me zai hana ofishin Shugaba ya zama shi kaɗai ne wurin da sihiri ba ya ci a duk makarantar? Ko'ina abubuwa na motsi, bango na numfashi, amma kana tsallake dokin ƙofar nan komai ya mutu. Ita kanta Shugabar a ciki tsohuwa ce kawai mai ciwon gwiwa. Waɗanda suka kafa makarantar ne suka yi haka, don kar shugaba ya yi wa ɗalibi ko malami hukunci da ƙarfin da ba za su iya tsayawa a gabansa ba, kuma don kar wani ya shigo da siffar da ba tasa ba.

Anti Rabi:
Yanzu kika fara rubuta littafinki. Kin ga wannan ya amsa tambayar Ɗanjuma ta madubi ba tare da kin sha wahala ba. Kuma ya ba ki abin da ya fi: wurin da ta fi kowa iko shi ne wurin da aka fi iya kashe ta. Ki ajiye wannan, za ki buƙace shi a ƙarshen labari.

Baba Sabo:
Ɗiyata, to ki sa rufin yana yoyo, da bokiti a ƙasa. Ban taɓa shiga ofishin shugaba da ba shi da wani abu lalatacce da aka yi shekaru ana cewa za a gyara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da za ta iya tsayar da ruwan sama a waje, a ɗakinta sai ta tara bokiti.

Kuma kar ki manta da littafi. Ba na sihiri ba, wanda mu malamai muke ce wa logbuk. Babban littafi ne mai kauri da shugaba ke rubuta abin da ya faru a makaranta da hannunsa: wane malami ya zo, wane ya tafi, yaushe mai duba makarantu ya kawo ziyara, yaushe aka rufe saboda annoba, yaushe iska ta kwashe rufi. Ba a yage shafi, ba a gogewa. In ka yi kuskure ka ja layi ka sake rubutawa a ƙasa, kowa ya ga kuskuren da gyaran. Daren da na fara kama aiki na zauna na karanta na waɗanda suka gabace ni. A nan na ga rubutun wani yana canzawa, daga mai kyau tsaf zuwa mai karkarwa, har shafin da wani hannu daban ya rubuta cewa ya rasu. Ba na buƙatar hotonsa ya yi mini magana daga bango.

Nasir Tarihi:
Allahu akbar. Baba, wannan al'adar ta littafin ma tana da asali, a Ingila dokar ilimi ta 1862 ce ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin gwamnati ajiye shi, kuma masu tarihi yanzu da su suke gano yadda rayuwar yara ta kasance a lokacin. Hauwa, in kina so ki ɗaure shi da sarƙa a jikin teburin. An yi haka da gaske lokacin da littafi ke da tsada. A babbar majami'ar Hereford akwai ɗakin karatu mai littattafai wajen 1,500 a ɗaure har yau. Wani abin sha'awa, saboda a gefen bango ake maƙala sarƙar, juya littattafan ake yi a kan kanta, bakin shafuka ne ke kallon ka ba ƙeyar littafin ba.

Ƙofar kuma tunda sihiri ba ya ci, kwado za ta buƙata. Al-Jazari, injiniyan da ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki, ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, kuma a ciki ya zana kwadon akwati da ake buɗewa ta hanyar jujjuya haruffa har su jeru daidai. Ƙarfe ne da dabara zalla.

Sadiya:
Kun haɗu kun kwashe mini komai. Saura bokiti da tsoho. To ni ga tawa, in an ƙi ta na yi fushi. Inuwar nan da Yaya Nasir ya faɗa. A ce duk ɗalibin da aka ɗauka sai ya ba da inuwarsa jingina, a rataye ta a ƙusa, irin ƙusar makullin Baba. Layi-layi, ɗaruruwa, kowace da sunan mai ita. Kuma suna motsi. In mai ita yana tsoro ta riƙa rawa, in yana ƙarya ta dunƙule.

Hauwa Mai Alƙalami:
Sadiya!!! Tsigar jikina ta tashi. Wannan kam na ɗauka.

Ɗanjuma:
A dakata. Taura biyu ba ta taunuwa. Yanzun nan aka ce sihiri ba ya ci a ofishin, to inuwa mai rawa a kan ƙusa mene ne, lissafi? Ko dai dokar ko inuwar, a zaɓi ɗaya. Na biyu, in yaro ya tafi hutu gida, ya fito tsakar rana ba inuwa, me zai ce wa mahaifiyarsa?

Anti Rabi:
Yaron nan da gidan jarida ya samu aikin tace rubutu da an huta. Amma yana da gaskiya, Hauwa. Dokar da kika kafa da bakinki in kika karya ta saboda abu ya yi miki kyau, mai karatu ba zai sake yarda da ke ba.

Hauwa Mai Alƙalami:
Ba sai na karya ba. Baba ya ce ofis daga benci yake farawa. Inuwoyin a barandar waje za su kasance, a saman bencin, masinja ne mai kula da su. Jummai za ta zauna jira, ta ɗaga kai ta ga tata tana karkarwa a gaban kowa, duk wanda ya wuce ya san halin da take ciki. Sadiya ta samu abin al'ajabinta a waje, ciki kuma fayau. Maganar hutu kuwa, ranar tafiya ake layi masinja ya miƙa wa kowa tasa, a sa hannu, a dawo da ita ranar komawa. Kuma tsoho ne, idonsa ya fara rauni. Wata rana zai ba wata yarinya inuwar da ba tata ba.

Ɗanjuma:
To fa. Wannan babi na nawa ne? Ina jira. Amma saura ɗaya: ita Shugabar tata inuwar tana ina?

Hauwa Mai Alƙalami:
Wannan ba zan faɗa a nan ba.

Nasir Tarihi:
Ni har yanzu ina ganin da an ɓoye fuskarta zuwa tsakiyar littafi da ya fi armashi. Amma an rinjaye ni, na bi jama'a.

Hauwa Mai Alƙalami:
Jama'a ban yi barci ba jiya. Shafi huɗu sun koma ɗaya da rabi. Ga ɗan abin da ya fito, a duba mini:

"Tsohon bai ce mata komai ba, da haɓa ya nuna mata benci. Ta zauna a ƙarshensa, inda katakon ya yi santsi saboda zaman waɗanda suka riga ta. Ta yi niyyar ba za ta ɗaga kai ba, sai da ta ɗaga. Tata ce ta huɗu daga hagu, ita kaɗai ke rawa a layin, kamar wanki a kan igiya ranar iska. Da ƙofar ta buɗe ta tsallaka, wani shiru ya faɗo mata a ka. Ɗumin nan da ke yawo a tafin hannunta tun ranar da ta zo makarantar ya ɗauke ɗif. Babu komai a ɗakin sai tebur, da wani ƙaton littafi ɗaure da sarƙa, da bokiti a kusurwa. Ɗis. Ɗis. Tsohuwar tana rubutu, ba ta ɗago ba. 'Zauna,' in ji ta."

Sadiya:
Wayyo Jummai. Na yafe bokitin. Amma Anti ina mujiyata?

Baba Sabo:
Ya yi kyau ƙwarai, ɗiyata, Allah ya yi albarka. Gyara ɗaya. Mai laifi ba a ce masa zauna. A tsaye yake, sai an gama da shi. In shugaba ya ce wa yaro zauna, to ba hukunci aka kira shi ba, mummunan labari za a gaya masa daga gida, kuma yaran sun san haka. Sai dai in abin da kike nufi ke nan.

Hauwa Mai Alƙalami:
Baba... ba shi nake nufi ba, amma yanzu kun sa ni tunani. Ku ba ni kwana biyu. Sadiya, mujiyarki tana wurin masinja, ta tsufa, ba ta aikin komai sai barci a kan akwatin makullai.

Ɗanjuma:
Wa ke zubar da ruwan bokitin in ya cika? Masinja dai ba zai bar inuwoyi ba kowa ya shiga ciki ba.

Hauwa Mai Alƙalami:
Jummai mana. Hukuncinta ke nan, kullum da asuba har ƙarshen zango. Ta haka za ta riƙa shiga ɗakin ita kaɗai, littafin kuma a buɗe.